Rajistar Kwamfuta: Wa Ke da Ikon Rubutu a Ciki?

A wannan mako, mu 'yan kulob ɗin jarida mun kawo muku bayani kan wani rikici da ke faruwa a cikin kwamfuta ba tare da an ji hayaniya ba.

Kamar yadda kowane aji ke da rajista, haka ita ma kwamfuta take da tata. A manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ana ajiye fayilolin rajista a wani wuri mai suna /var/log. Nan ake rubuta wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga, da duk matsalar da ta taso.

Kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, sannan sauran jama'a. Izini kuma iri uku ne, kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. Idan muka ga 640, ma'anarsa mai fayil zai karanta ya rubuta, tunda 4 da 2 sun zama 6. Rukuni zai karanta kawai, sauran jama'a kuwa ba su da komai.

To ina rikicin yake? A Ubuntu, wani nau'in Linux, manhajar rsyslog ce ke rubuta rajista, kuma tana aiki da sunan syslog. Wata manhajar, logrotate, ita ke ɗauke tsohon fayil ta buɗe sabo don kada ya cika faifai. Idan aka tsara logrotate ta ba root, wato shugaban kwamfutar, sabon fayil da lamba 640, to rsyslog ba za ta iya rubutu a ciki ba. Kamar a kulle sabuwar rajista a ofishin shugaban makaranta ne, malamin aji ya zo kiran suna ya rasa mabuɗi. Duk wanda ya yi kutse a ranar, babu shaida a wannan fayil ɗin.

Wasu kan yi gaggawa su sa 777, kowa ya karanta ya rubuta. Wannan gyaran gangar auzinawa ne, domin ɓarawon da ya shigo zai iya goge sawunsa.

Hanyar da ta dace ita ce a fara duba wa ke rubutu a fayil ɗin. A mayar masa da shi ta umarnin chown, a daidaita izini da chmod, a bar rukunin adm ya karanta. Sannan a gyara tsarin logrotate ya bi wannan suna, in ba haka ba rikicin zai dawo da zarar an buɗe sabon fayil.

Darasinmu shi ne: a san mai alhakin rajista, kuma kowa ya tsaya inda aka ba shi izini.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.