Yadda Aka Faɗaɗa Tsohon Coci a Landan Ba Tare da Taɓa Fuskarsa Ba

A zanen gine-gine, fili fetal ba shi ne abin tsoro ba. Abin da ke sa mai zane gumi shi ne a miƙa masa tsohon gini mai tarihi a ce ya ƙara masa ɗakuna. Wannan matsala ta daɗe tana damun masu kula da coci-coci a Ingila. Masu zuwa ibada ranar Lahadi sun ragu, kuɗin gyaran rufi kuwa sai hawa yake, ga doka ta hana a rushe ko a sauya ginin yadda aka ga dama. Mafita ita ce ginin ya riƙa aiki duk mako: wurin cin abinci, zauren taro, wurin taimakon mabuƙata. To amma waɗanda suka gina shi ba su tanadi kicin ko ban-ɗaki ko lifta ba. Ina za a sa su?

Mu ɗauki cocin St Martin-in-the-Fields da ke bakin dandalin Trafalgar a Landan. James Gibbs ne ya zana shi, aka kammala a 1726. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya limaminsa, Dick Sheppard, ya buɗe ƙofa ga sojoji da marasa wurin kwana, kuma har yau aikin taimakon marasa gida bai tsaya a wurin ba. Ga masu kaɗe-kaɗe, ga jama'ar Sinawa da ke da cibiyarsu a nan. Wuri ya yi kaɗan, kuma yana tsakiyar birni, ba gaba ba baya.

Kamfanin Eric Parry da aka ba aikin sai ya yi ƙasa. Tsakanin 2006 da 2008 aka cire tsofaffin rumbunan binne gawa da ke ƙarƙashin harabar cocin, aka gina zaure, ɗakin gwajin waƙa, ƙaramin ɗakin addu'a da sauransu, duk a ƙarƙashin ƙasa. Aikin gaba ɗaya ya ci fam miliyan 36. Abin da mai wucewa zai gani a sama kaɗan ne: wata ƴar rumfar gilashi mai matakala da lifta, sai wani rami da ke shigar da hasken rana ciki. Wannan ramin fa ba ado ba ne. In babu shi, duk wanda ya sauka sai ya ji kamar rijiya aka jefa shi.

Wani zai ce, me ya sa gilashi? Ai da an yi rumfar da dutse irin na cocin, da ta fi dacewa. Nan ne masu adana gine-gine suka bambanta da mu ƴan kallo. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta tafi a kan cewa sabon abin da aka ƙara ya nuna zamaninsa, kada ya yi shigar tsoho ya ruɗi na baya. Ni dai ina ganin wannan ita ce gaskiya. Kwaikwayon aikin Gibbs ba zai kai na Gibbs ba, sai dai ya rage masa daraja. Ko babbar tagar gabas da Shirazeh Houshiary, haifaffiyar Iran, ta zana a 2008, kana gani ka san ta yau ce.

Ba kowa ne wannan salo ya yi wa daɗi ba. Akwai masu ganin ƙarar cokula da cinikin shayi ba su dace da wurin ibada ba, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Amsar mai zane ita ce raba hanya: mai neman abinci ya sauka ta rumfar gilashi, mai addu'a ya shiga ta babbar ƙofa, ba wanda ya taka wani.

Mu ma muna da irin wannan tambaya a gida. Cocin St Bartholomew na Wusasa a Zariya, wanda aka gina da ƙasa a 1929 bisa salon ginin Hausa, ba zai jure abin da dutsen Landan ya jure ba. Haƙa rami kusa da katangar ƙasa neman rigima ne da damina, kuma shafen siminti yana tsare danshi a ciki har katangar ta ruɓe. Duk ɗan ajinmu da ke neman batun furojet, ga wanda zai sa shi ya auna nisan sabon gini da tsoho, da inda ruwan indararo zai bi.