Gurbin Koyar da Wasan Kwaikwayo ga Ɗalibai Masu Baiwa: Duba Daga Unguwar Mu'azu, Kaduna

Gabatarwa

A makarantun yankin Unguwar Mu'azu da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, kamar sauran unguwannin Hausawa, ba a rasa yaron da kan kwaikwayi tafiyar malaminsa, ko muryar mai tallar magani, har 'yan ajinsu su yi ta dariya. Sau da yawa hukuncin da ake yanke masa shi ne cewa shashasha ne. Wannan maƙala tana bayyana cewa abin da yaron ke nunawa baiwa ce, kuma makaranta ce wurin da ya fi dacewa ta zama fasaha. Hujjar hakan tana cikin tarihin wasan kwaikwayon Hausa kansa.

Inda baiwar take tsirowa

Kafin a san dandamali na zamani, al'ummar Hausawa tana da fagagenta na kwaikwayo, irin su wasan gauta da kalankuwa da tashe. Tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kwana goma, shi ne mafi kusa da yaran birni a yau. A wasanni irin su Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani da Ga Mairama Ga Daudu, yaro kan koyi sauya murya, da shiga mai dacewa da wanda yake kwaikwayo, da karantar fuskar masu kallo. Sai dai tashe na 'yan kwanaki ne a shekara, kuma maimaita abin da aka gada ake yi. Ba ya koyar da tsara labari daga farko zuwa ƙarshe, ko rubuta zance tsakanin taurari. Wannan giɓi ne makaranta take cikewa.

Shaidar tarihi

Rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa ɗan makaranta ne. Littafin Dakta R. M. East mai suna Six Hausa Plays, na shekarun 1930, an shirya shi ne domin ɗalibai. Malam Aminu Kano ya fara rubuta wasanninsa yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wadda ta taso daga Katsina a 1938, kuma daga cikinsu akwai Kai Wane ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Dabarar sukar zalunci cikin raha da ya ƙware a kanta a wancan lokaci ta bi shi har fagen siyasa. A shekarun 1940 Abubakar Tunau ya samar da Wasan Marafa, wanda ya yi amfani da dandamali wajen koyar da tsafta da amfanin ilimi.

Daga nan Kaduna ta zama cibiyar wannan fasaha. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962 ya buɗe fage ga 'yan wasa irin su Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023. A Zariya kuma, koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975, a hannun su Michael Etherton, ya haifar da salon kai wasa ƙauyuka domin manoma su tattauna matsalolinsu da bakinsu.

Abin da mai baiwa yake samu

Amfani na farko shi ne harshe. Ɗalibin da zai hau dandamali dole ya bambanta maganar dattijo da ta matashi, ya san inda karin magana yake zama daidai, ya kuma kiyaye tsawon wasali da karin sauti, domin kuskure kaɗan yakan sauya ma'ana. A gari irin Kaduna, inda Hausa take gogayya da Ingilishi da Buroka a bakin yara, wannan horo ne da darasin nahawu kaɗai ba ya bayarwa.

Na biyu shi ne tarbiyya. Gwajin wasa yana tilasta zuwa a kan lokaci, da haddace sashe, da haƙurin jiran wani ya gama magana, da karɓar gyara a gaban jama'a. Mai baiwar da bai sami wannan ba yakan tsaya a kan barkwanci, ya ɗauka tafi shi ne ƙwarewa.

Na uku shi ne tunani. Wanda ya fito a matsayin mutumin da ba addininsu ko ƙabilarsu ɗaya ba, ya ɗanɗani yadda wancan yake ganin duniya. Birnin da ya sha rikici a 2000 da 2002, har mazaunansa suka rarrabu zuwa unguwanni bisa addini, yana da buƙatar irin wannan darasi.

Matsalar da ake fuskanta

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta haɗa wasan kwaikwayo da kiɗa da zane a darasi guda, a babbar sakandare kuwa akan karanta shi a matsayin littafin jarrabawa. Ɗalibi kan haddace jigo da salon Uwar Gulma ba tare da ya taɓa ganin an aiwatar da fitowa ɗaya ba. Wasu iyaye kuma suna ɗari-ɗari da fannin saboda kallon da suke yi wa harkar fim. Wannan damuwa ba abin yasarwa ba ce, amma hana horo ba ya kashe baiwa. Yakan dai tura ta zuwa gajerun bidiyoyin TikTok, inda babu malami, babu mai gyara.

Kammalawa

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin makarantun Unguwar Mu'azu ba: filin taron safe, da malamin Hausa mai sha'awa, da sa'a biyu a mako, da wasa guda a ƙarshen zango wanda ɗalibai za su rubuta da kansu a gayyato iyaye su kalla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya rage ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su horar da malaman da za su iya shirya wasa, ba nazarinsa a takarda kaɗai ba.