Ruwan Famfo da Haɗarin Dalma a Gidajen Jiddari Polo

Jiddari Polo, unguwar da ke gefen birnin Maiduguri kusa da barikin Giwa, tana cikin wuraren da suka faɗaɗa da saurin da bututun gwamnati bai iya bi ba, musamman tun da rikicin Boko Haram ya koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari. Matatar ruwan birnin tana samun ruwa ne daga madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, amma gidaje da yawa sun koma dogaro da rijiyoyin burtsatse na masu zaman kansu, da tankunan da ake ɗorawa a sama, da masu turin kura cike da jarkoki waɗanda mutanen Maiduguri ke kira mai moya. Katsewar wutar lantarki da ta biyo bayan rusa turakun layin Damaturu a farkon 2021, da fashewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba 2024, duk sun ƙara tura jama'a zuwa wannan hanya.

Sauyin ya rage wahalar neman ruwa, sai dai ya ɗauke nauyin sa ido daga hannun hukuma guda ya rarraba shi ga ɗaruruwan masu rijiya, waɗanda galibi ke auna kyan ruwa da ido da harshe. Dalma kuwa, wato ƙarfen nan mai nauyi da taushi da ake samu a cikin batirin mota, ba ta da launi ko wari ko ɗanɗano idan ta narke a ruwa. Hankalin ma'aikatan lafiya ya fi karkata ga kwalara, kuma suna da hujja, ganin yadda ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Muna a 2017 ta kuma sake dawowa bayan ambaliyar 2024. To amma sinadarin kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa dalma, tafasa ruwa ma ba ya cire ta, sai dai ya ƙara mata yawa a cikin abin da ya rage bayan tururi ya tashi.

Mafi yawan lokaci dalmar ruwan sha ba daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa ba, a hanya take shiga, tsakanin bakin rijiya da bakin famfo. Kan famfo na tagulla, da mahaɗan bututu, da tsohon bututun ƙarfe mai rufin tutiya, da wasu sassan injin jan ruwa, duk suna iya ƙunsar ta, domin masana'antu kan gauraya ta da tagulla don ƙarfen ya yi sauƙin sarrafawa. Wani bincike da masana daga Jami'ar North Carolina suka buga a 2021, wanda ya duba wuraren ɗiban ruwa 261 a karkarar Ghana da Mali da Nijar, ya tarar da cewa kusan kashi 9 cikin 100 na ruwan da aka gwada ya haura iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato maikirogiram 10 a kowace lita, kuma kayan tagulla ne aka fi danganta matsalar da su. Iyakar da Najeriya ta sanya a ƙa'idar ruwan sha ta 2007 ita ce wannan ɗin, amma ƙa'idar da ke rubuce ba ta isa shagon mai sayar da kayan famfo ba, inda magidanci ke zaɓen abin da aljihunsa zai ɗauka.

Abu biyu ne ke tsananta lamarin a wuri irin Jiddari Polo, wato tsayuwar ruwa da zafi. Inda ake kunna inji sau ɗaya a yini saboda tsadar mai ko jiran rana ta bugi farantan sola, ruwa kan kwana a cikin bututu yana cin ƙarfen a hankali, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maiduguri ke wuce digiri 40, narkewar ta fi sauri. Ruwan farko da ke fitowa da asuba shi ne mafi haɗari, kuma sau da yawa da shi ake dama kunun yara ko a haɗa madarar jariri.

Illar a kan yara take sauka. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, yaron da ke fama da ƙarancin jini ko tamowa kuma ya fi kowa tsotsewa, abin da ya kamata ya tayar da hankali a jihar da yunwa ta daɗe tana addabar ƙananan yara. Arewa ta san mummunar fuskar wannan guba tun 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Abin da famfo ke iya kawowa bai kai wannan tsanani ba, shi ya sa ake raina shi: ba suma, ba farfaɗiya, sai raunin fahimta da jinkirin karatu da ba sa warkewa, waɗanda iyaye da malamai za su iya ɗauka rashin ƙoƙari ne. Haka kuma dalmar famfo tana taruwa ne a kan ta sauran hanyoyi, kamar kwallin da ake niƙawa daga dutsen dalma, da ƙurar wuraren fasa tsofaffin batura.

Shawarar da aka saba bayarwa, cewa a bar famfo ya zuba na ɗan lokaci kafin a ɗebi na sha, tana da wuyar karɓuwa inda kowace jarka da kuɗi ake sayenta, ko da yake ana iya tarar ruwan farkon don wanki ko yayyafa tsakar gida. Abin da ya fi ƙarfin magidanci shi ne gwaji, domin sai a ɗakin bincike ake gane dalma, kuma nauyin hakan yana kan hukumomin ruwa na jihar Borno, waɗanda ya dace su sanya awon dalma cikin sharuɗɗan duk rijiyar da ake sayar da ruwanta ga jama'a, su kuma fara da waɗanda masu moya suka fi yin layi a bakinsu.