Ƙungiyar Malaman Jami'o'i da Asalin Harajin Ilmi a Nijeriya

Abin da muke so mu bayyana a wannan takarda shi ne yadda ƙungiyar ma'aikata takan sa hannu cikin tsara dokokin ƙasa, alhali ba ta da kujera ko ɗaya a majalisa. Mun zaɓi Ƙungiyar Malaman Jami'o'i ta Nijeriya, watau ASUU, domin galibin jama'a ba su san ta da kome ba sai yajin aiki, ga shi kuwa akwai dokar da ta samo asali daga gare ta, wadda ta fi duk wani ƙarin albashi da ta taɓa samu ƙarko.

Malamin jami'ar gwamnati yana cikin wani hali dabam da na ma'aikacin masaƙa. Idan ma'aikatan masaƙa suka ajiye aiki, mai masaƙa yana tafka asara kowace rana, tilas ya nemi sulhu. Gwamnati kuwa ba ta rasa ko kwabo idan an rufe jami'a; ɗalibai da iyayensu ne suke shan wahalar. Daɗin daɗawa, mai biyan malami albashi shi ne mai tsara kasafin kuɗi, shi ne kuma mai kafa doka. Saboda haka duk maganar da ƙungiyar za ta yi a kan albashi ko kayan aiki, maganar siyasa ce, ko ta so ko ta ƙi.

An kafa ASUU a 1978. Bayan da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, albashi ya zama ba ya kai malami ƙarshen wata, ƙwararru da yawa suka tafi ƙasashen waje. Ƙungiyar ta shiga yajin aiki a 1988, aka haramta ta, aka tsare wasu shugabanninta. An ɗage haramcin a 1990, aka sake haramta ta a watan Agusta na 1992. Duk da haka, ranar 3 ga Satumba na wannan shekara gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar da ita kanta ta ce babu ita. Dokta Attahiru Jega ne shugabanta a lokacin.

A zaman sulhun, amsar wakilan gwamnati ita ce babu kuɗi. Malaman ba su tsaya ga musun wannan ba, sai suka nuna inda za a samo kuɗin: a ɗora haraji a kan ribar kamfanoni, tun da su ne suke ɗaukar waɗanda jami'o'i suka horar. Wannan shawara ita ce ta zama dokar soja mai lamba 7 ta 1993, wadda ta aza kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanonin da aka yi wa rajista a Nijeriya. A ganinmu hikimar tana ga tsarin ajiyar kuɗin. Suna shiga wani asusu na musamman, ba sai sun jira kason da ake ware wa ilmi a kasafin kowace shekara ba, wanda yakan ƙaru ko ya ragu gwargwadon farashin man fetur da ra'ayin masu mulki.

Da farko ana raba kuɗin har da makarantun firamare da sakandare, sai rabon kowa ya zama cikin cokali. Dokar 2011 ta mai da asusun na manyan makarantun gwamnati kaɗai, da sunan TETFund: rabi ga jami'o'i, rubu'i ga kwalejojin kimiyya da fasaha, rubu'i ga kwalejojin ilmi. Ke nan malaman kwalejoji, waɗanda suke da nasu ƙungiyoyin, sun ci moriyar gwagwarmayar da ba su suka fara ba. Ba a biyan albashi daga asusun. Ayyukansa su ne gine-gine, da ɗakunan karatu, da bincike, da tura malamai ƙaro ilmi. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, sa'an nan kashi 3 a 2023.

Abin yana da nasa aibu. Wasu gwamnatocin jihohi sukan buɗe sabuwar jami'a ba tare da tanadin kuɗin gina ta ba, suna dogara ga asusun, har ta kai mai ziyara ya zaga harabar da ƙyar ya ga ginin da ba ya ɗauke da tambarin TETFund. Ita ASUU ta daɗe tana kuka da wannan, domin asusun da aka kafa don ya tallafa ya koma shi ne ginshiƙi.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kai wa Majalisar Tarayya ƙudurin gyaran haraji, wanda ya tanadi a haɗe harajin ilmi da wasu cikin haraji guda, a riƙa rage kason TETFund har ya ƙare a 2030. Wannan karon ba janar ɗaya ake lallashi ba, 'yan majalisa ne masu yawa, kowa da mazaɓarsa. Rassan ƙungiyar suka yi ta kiran taron manema labarai shiyya-shiyya, shugabanninta suka kai ƙorafi gaban majalisa. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta kafa harajin bai-ɗaya na kashi 4 cikin 100, ta kuma bar wa TETFund rabinsa.