Ƙwacen waya a Kano: Yadda layinka ke buɗe wa ɓarawo ƙofar asusunka

A unguwannin cikin birnin Kano, daga Kurmi zuwa Ƙofar Mata, wanda aka ƙwace wa waya yakan fara jimamin kuɗin da ya saye ta. Sai dai asarar da ta fi girma tana tattare da ɗan katin layin da ke cikinta.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, sannan gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN a Disambar 2020, layin waya ya zama makullin shaidar mutum. Ɓarawo ba ya buƙatar buɗe wayar. Cire layin zai yi ya sa a wata, ya danna *565*0# ya ga BVN, ya danna *346# ya ga NIN. Saƙonnin banki da lambar sirri ta wucin gadi, wato OTP, duk hannunsa za su riƙa faɗawa. Da waɗannan zai iya yunƙurin kwashe kuɗi ko cin bashi da sunan mai layin.

Rigakafin farko shi ne sa wa layin kansa lambar PIN, ban da makullin fuskar waya. Idan aka yi kuskure sau uku, layin zai kulle sai da lambar PUK. Na biyu, kada a ajiye lambar katin ATM ko hoton takardar NIN cikin waya. Na uku, a rubuta lambar rufe asusu ta bankinka a takarda a gida, domin a rufe shi da wayar maƙwabci tun kafin a tafi wurin 'yan sanda, sannan a sa kamfanin sadarwa ya toshe layin.

Wasu bayanan kuma mu ne ke miƙa su da hannunmu: kwafin takardar NIN da aka bari a shagon hoto, lambar sirri da aka faɗa wa mai POS a kasuwa, da saƙon “tallafi” a WhatsApp mai neman BVN. Banki ba ya kira ya tambayi PIN ko OTP.

Sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta sojan gona da shaidar wani, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba da damar kai ƙorafi ga hukumar NDPC. Amma shari'a takan ɗauki watanni, alhali sa wa layi PIN bai wuce minti biyu ba.