Dodo da Danginsa

Kalmar dodo kamar tukunyar gidan yawa take. Da safe a dama koko a cikinta, da rana a dafa wake, da dare a tuƙa tuwo. Yaro in ya ji dodo, sai ya tuna mai gashi buzu-buzu na tatsuniya, mai haɗiye mutum ɗungurungum. Likita ya ji, hankalinsa ya tafi kan dodon kunne. Da damina a bakin rafi ga dodon koɗi yana jan gidansa a baya, abin da ko kaza ba ta tsoro. Makaɗin dambe ya kira ɗan wasansa dodo, kirari ne, har sai an yi masa liƙi. In kuwa aka ce wane da wane dodo ɗaya suke wa tsafi, an koma kan dodon gargajiya ke nan, mai fitowa da rufaffiyar fuska, mata da yara su ruga ɗaki.

Dangin dodo ma kowa da rumfarsa, kamar gero da dawa da maiwa: duk hatsi ne, amma mai awo ba ya haɗa su a mudu ɗaya. Basamude girman jiki ne abinsa, sunan ya samo asali daga Samudawa, mutanen Annabi Salihu masu sassaƙa gidaje a jikin duwatsu. Ifiritu ƙarfi ne nasa, irin wanda ya yi tayin ɗauko gadon sarauniyar Saba'u ya kawo wa Annabi Sulaiman. Fatalwa kuwa ba ta da tsoka ko kaɗan, tsoronta na kabari ne da dare.

Kalmar da Turawan Ingila suke kiran dodo da ita daga Latin ta fito, kuma saiwarta gargaɗi take nufi. Romawa in saniya ta haifi maraƙi mai kai biyu, sai su ce ishara ce, wani abu na tafe. Uwar da ke ce wa ɗanta akwai dodo a rijiya ta san wannan karatun sarai. Ta san babu komai a ciki sai ruwa da zurfi. Amma ɗan shekara uku bai san zurfi ba, dodo ya sani. Rijiyar ba ta da murfi, sai ta yi mata murfi da baki.

To, yawancin manyan dodannin duniya irin wannan murfin ne. Japanawa sun fito da fim ɗin Godzilla a 1954, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, a shekarar da gwajin bam na Amurka a Bikini ya zubo wa wani jirgin masuntan Japan toka mai guba. Ƙaton ƙadangaren da gwajin bam ya tayar daga teku ya tattake Tokiyo, ai bam ɗin ne aka sa wa ƙafa da wutsiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A 1818 Mary Shelley ta fitar da labarin Frankenstein, ɗalibin kimiyya da ya harhaɗa wata halitta, da ya ga ta motsa sai ya arce ya bar ta. Kamar manomi ne da ya cinna wuta don share gona, ya koma gida ya kwanta, ta ci rumbunan unguwa. Halittar ba ta da suna a littafin, amma yau jama'a da sunan maginin suke kiranta, kuma ga alama sun gane mai laifin.

Akwai kuma dodon kasuwa. Hoton da aka buga a 1934 na wani mai dogon wuya a tafkin Loch Ness na Sikotilan, a 1994 asiri ya tonu cewa jirgin wasan yara ne aka ɗora wa kai. Duk da haka masu yawon buɗe ido ba su fasa zuwa ba, masu otal suna ta ciniki. Mai wasa da kura ya san harkar: a sa mata takunkumi, a tara jama'a, a ba su tsoro kaɗan, su biya.

Inda kalmar ke zama guba shi ne in aka ɗora ta a kan ɗan Adam. A Ruwanda a 1994 wani gidan rediyo ya dinga kiran 'yan Tutsi kyankyasai, cikin kwana ɗari aka kashe kusan mutum 800,000. Wanda aka cire wa rigar mutunci da baki, adda ba ta jin nauyinsa. Shi ya sa nake roƙon mu kiyaye harshe a kan wata ƙabila ko wata unguwa, komai zafin abin da aka yi mana. Mai laifi a kai shi gaban alƙali da sunan da ubansa ya raɗa masa, a tambaye shi, ya amsa, a hukunta shi a matsayin mutum.