CIWON DAJIN HANJI MAI BIN ZURIYA: YADDA AKE GANE SHI A ƘASAR SIN

Maigida da uwargida, ku saurara. Kun san ɗa yakan gaji iyayensa a tsawo, ko launin fata, ko murya. Kun san ciwon sikila ma gadonsa ake yi. To, akwai wani irin ciwon daji na babban hanji wanda shi ma zuriya yake bi. Sikila sai an gado ta daga uwa da uba duka biyu, amma wannan daga ɗayansu kaɗai ya isa. Ga labarin yadda likitocin ƙasar Sin suke bin sawunsa gida gida.

Daga ina ciwon yake?

A shekarar 2022 mutum fiye da 500,000 aka samu da ciwon dajin babban hanji a Sin. Yawancinsu ba gado suka yi ba. Amma a duniya, cikin masu wannan ciwo 100, wajen 3 suna da abin da ake kira ciwon Lynch, watau sunan Henry Lynch, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1966.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana ɗauke da rubutun gado. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafi rubutun nan. Akwai waɗansu ƙwayoyin gado, kamar MLH1 da MSH2, waɗanda aikinsu gyaran kuskuren kwafi ne, kamar malami mai duba rubutun yara. In mutum ya gaji ɗayansu a lalace, kuskure yakan taru har tsiro ya fito a hanji, ya zama daji, sau da yawa kafin shekara 50. Kowane ɗa ko 'ya na mai wannan lahani, ko ya gada ko bai gada ba, rabi da rabi ne.

Ƙidayar dangi ba ta isa ba

A 1991 likitoci suka fito da ƙa'idar Amsterdam. Ta ce a yi zaton ciwon gado ne idan mutum 3 'yan gida ɗaya sun kamu, ya bi iyaye da 'ya'ya, ɗayansu kuwa bai kai shekara 50 ba. Amma daga 1980 zuwa 2015 dokar Sin ta tsayar da yawancin ma'aurata a kan ɗa ɗaya. Gidan da ba wa, ba ƙane, ina za a sami mutum 3? Saboda haka likitocin Sin suka sassauta, suka ce mutum 2 ma abin dubawa ne. Sa'an nan suka ƙara dogara ga awon jiki, ba ga ƙidaya kaɗai ba.

A Hong Kong, Asibitin Queen Mary yana rubuta sunayen gidajen da ciwon ya bi, yana kiran danginsu awo. A 2004 masanan Jami'ar Hong Kong suka nuna cewa gidaje da dama, waɗanda ba su san juna ba, lahani iri ɗaya suke ɗauke da shi a MSH2. Da aka bi asali, sai aka ga kakansu ɗaya ne tun zamanin da, daga lardin Guangdong.

Yadda ake awon

Da majiyyaci ake farawa. Likita ya duba naman da aka yanko daga hanjinsa. In ya ga alama, sai a ɗibi jini kaɗan a nemi lahanin. In an same shi, sai a gayyaci 'yan'uwansa da 'ya'yansa manya, a yi musu bayani, wanda ya yarda a auna shi.

Wanda bai gada ba, hankalinsa ya kwanta, 'ya'yansa ma ba za su gada daga gare shi ba. Wanda ya gada, ba a ce yana da daji ba. Tun daga shekara 20 zuwa 25 ake soma leƙa hanjinsa da siririyar na'ura mai fitila, kowace shekara ɗaya ko biyu. In an ga tsiro, a cire shi tun bai zama daji ba. Mata kuma a kula da mahaifarsu, domin ciwon yakan kama ta. A gidajen Sinawa yakan kama tumbi ma.

Abin da ya kamata ku yi

Ciwon nan ba na Sinawa kaɗai ba ne, ba ya zaɓen ƙabila. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa.

1. Ku tambayi tsofaffin gida abin da ya kashe kakanni da kawunnai da gwaggonni, da shekarunsu.
2. In ciwon dajin hanji ko na mahaifa ya kama mutum 2 a danginku, ko ya kama wanda bai kai 50 ba, ku faɗa wa likita.
3. In kun ga jini a bayan gida, ko zawo da taurin ciki suna canji makonni, ko rama ba dalili, kada ku ce basir ne ku zauna shan jiƙo. Ku tafi asibiti.
4. In an sami ciwon gado a jikinku, kada ku ɓoye wa 'yan'uwa don kunya. Maganarku tana iya tsirar da ran ƙanenku.

Lalle rigakafi ya fi magani.